Laraba a Gindin Hasumiyar St Lawrence

Ni jikan maƙera ne. Ban gaji sana'ar ba, don boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, amma na gaji kunne. Kakana, Allah Ya jiƙansa, in aka kawo masa ƙarfe ba ya tsayawa dogon kallo. Sai ya rataye shi, ya ƙwanƙwasa da awartaki, ya karkata kai ya saurara. Daga amon da ya fita yake gane ko akwai tsaga a ciki, ko an yi wa ƙarfen algus. Ƙanwata ta san wannan halin ya biyo ni, shi ya sa da na kai mata ziyara Ipswich, inda take aikin jinya, tun ban gama ajiye jaka ba ta ce, "Yaya, kada ka sa wani abu a gabanka ranar Laraba da rana. Akwai abin da nake so ka ji. Ji fa na ce, ba gani ba."

Daga Landan na taso, a jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Bayan Colchester, a Manningtree, jirgin ya bi ta bakin kogin Stour, ruwa ya janye ya bar ƙananan jiragen ruwa kwance a kan taɓo. Ipswich na cikin yankin Suffolk, a bakin kogin Orwell, kuma yana cikin tsofaffin garuruwan Ingila. Tun ƙarni na 7 ake hada-hadar jiragen fatake a wurin, a 1200 kuma Sarki John ya ba garin takardar 'yancin gudanar da harkokinsa. Arzikin fatauci ya sa kowace 'yar unguwa ta gina cocinta, har yau guda 12 na wancan zamanin suna tsaye, wasu tsakaninsu bai wuce jifa biyu ba.

Ranar Laraba ƙanwata tana da aiki, amma makarantu na hutun tsakiyar zango, ƙarshen Oktoba ke nan, sai ta haɗa ni da ɗanta mai shekara tara ya zama ɗan jagora. Muka ratsa dandalin Cornhill, muka bi Tavern Street, sai ya ja hannuna muka faɗa wani lungu mai suna Dial Lane, wanda in mutum huɗu suka jeru sun cika shi. Ban ga cocin ba sai da muka zo gindinta, saboda shaguna sun matse ta ta kowane ɓangare. Dole mutum ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa kafin ya ga ƙarshen hasumiyar.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne bangon. Na kai hannu na shafa, na ji sanyi da santsi, baƙin dutse mai sheƙi kamar kwalba. Dutsen ƙyastu ne, irin wanda kakana ke ajiyewa a 'yar jakar fata tare da auduga. A gidanmu ɗan guntu ake riritawa, a nan kuwa da shi aka yi gini, don shi ne dutsen da ƙasar Suffolk ke da shi. Sukan fasa shi biyu su juyo da baƙin cikinsa waje, su jera shi tsakanin farin dutse da aka sassaƙa, ya fito da zane kamar aikin wuyan babbar riga. Jikin cocin ginin ƙarni na 15 ne, amma saman hasumiyar, inda adon ya fi yawa, a 1882 aka sake shi.

Da muka shiga, ƙamshin shayi da miya ne ya tarbe mu. Babu jerin bencina. Tebura ne, da tsofaffi suna karanta jarida, da mata da kekunan jarirai. St Lawrence cocin unguwa ce, aka sa mata sunan wani ma'aikacin coci da aka kashe a birnin Rum a shekara ta 258. Ta yi ɗaruruwan shekaru tana tara mutanen lungunan nan, amma a hankali tsakiyar gari ya koma kasuwa, mazauna suka tashi zuwa bayan gari, har a farkon shekarun 1970 aka wayi gari ba masu ibada, aka rufe. Wata ƙungiyar kula da tsofaffin cocin garin, Ipswich Historic Churches Trust, ita ta riƙe ginin, sai a 2008 aka sake buɗe shi a matsayin wurin cin abinci da taron jama'a. Na nemi kujera kusa da ƙofar hasumiya, na saya wa yaron waina irin tasu, muka zauna jira.

Bayan sha biyu ta gota, mutum biyar suka hau wani ɗan bene da ke cikin hasumiyar, ana hango su daga ƙasa. Maza uku, mata biyu, duk furfura ta fito musu in ban da wata budurwa. Suka cire rigunan sanyi, suka tsaya a da'ira, kowa da igiyarsa da ta sauko daga rami a rufi. A tsakiyar kowace igiya akwai wani kauri na ulu mai laushi, wajen kamu biyu, inda hannu ke cafkewa. Ba wanda ya yi dogon magana. Wadda ke riƙe da ta farko ta faɗi 'yan kalmomi, ta ja, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Na sha jin ƙararrawa a rayuwata. Ta makarantarmu ta firamare tsohon wilin mota ne a rataye a bishiyar darbejiya, ana dukansa da guntun rodi. Na ji kuge a fada, na ji na coci-coci a Sabon Gari. Wannan daban ce. Sauti biyar ne suka gangaro daga siriri zuwa kauri, kamar mutum na saukowa daga tsani, suka sake komawa sama suka gangaro. Bayan kowane bugu akwai wani gunji a ƙasa-ƙasa da ba ya mutuwa da wuri, yana nan yana yawo har bugu na gaba ya tarar da shi. Na ji shi a teburin da na dafa, na ji shi a ƙirjina. Muryar ba ta da santsin ƙararrawar zamani. Akwai ɗan kaushi a cikinta, irin na muryar dattijon da ya daɗe yana karatu da asuba. Yaron ya ce, "Kawu, shayinka zai huce." Na ce masa ya bari tukuna.

Waɗannan biyar ɗin su ne jerin ƙararrawa mafi tsufa a duniya da ake kaɗawa tare ta wannan hanya. An zuba su ne tsakanin shekarun 1440 da 1490, wasu a Landan, ɗaya a garin Bury St Edmunds da ke nan cikin Suffolk, a maƙerar wani mai suna Reignold Chirche. Masu bi musu a tsufa su ne biyar ɗin da ke cocin St Bartholomew the Great a Landan, na wajejen 1510. Ni dai lissafin shekarun Turawa ba ya zauna mini a kai sai na auna shi da na gida. Muhammadu Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Wato lokacin da ake gina Gidan Rumfa, ana kafa Kasuwar Kurmi, waɗannan ƙarafan suna rataye a wannan lungun ko suna kan hanyar zuwa. Tarihin Kano ya ce a zamaninsa aka fara busa kakaki, kuma har gobe ana busawa, sai dai kakakin da ke hannun mabusa yau ba shi ne na wancan zamanin ba, an sake ƙerawa sau ba adadi. A nan kuwa ƙarfen nan ne dai, bai canza ba. Tarihi galibi da ido muke saduwa da shi, a ganuwa ko kushewa ko tsohon takobi a bayan gilashi. Ban taɓa zaton zan same shi da kunne ba.

Da suka sauko, na tari wani dattijo daga cikinsu, dogo mai manyan hannuwa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ni daga gidan maƙera na fito, ina da tambaya." Ya ja kujera ya zauna kamar dama jira yake. Da cokalin shayi da kofi ya nuna mini yadda abin yake a sama. Kowace ƙararrawa an ɗaure ta a jikin wani babban wili na katako, igiyar ta zagaye wilin. Kafin a fara, sai a yi ta lilo da ita har ta tsaya bakinta na kallon sama, kamar ƙwarya a ajiye. In aka ja igiya sai ta kifo, ta yi cikakken zagaye, harshen da ke cikinta ya buga sau ɗaya, ta sake tsayawa baki sama ta ɗaya gefen. Ja na gaba ya dawo da ita. Babbar cikinsu ta haura rabin tan, don haka ba ƙarfi ake gwadawa da ita ba, lallashi ne. Wanda bai iya ba, in ya riƙe igiya a lokacin da ya kamata ya saki, tana iya ɗaga shi sama. Ya buɗe mini tafin hannunsa, kanta ta yi layi a gindin yatsu, daidai inda take fitowa a hannun mai riƙe guduma.

Saboda wannan nauyin, ba a iya rera waƙa da su. Kowace na bukatar wajen daƙiƙa biyu kafin ta zagayo, iyakar abin da mai ja zai iya shi ne ya ɗan jinkirta ta ko ya ɗan gaggauta. Daga nan Ingilishi suka fito da wata dabara a ƙarni na 17. Ana farawa da jeri, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Daga nan kowane zagaye sai jerin ya sauya, amma ba ƙararrawar da ke tsallake fiye da gurbi ɗaya, kuma ba a maimaita jerin da aka riga aka buga har a dawo inda aka faro. Da ƙararrawa biyar, jeri 120 ake iya fitarwa. Da shida 720, da bakwai 5,040, wanda ke cin wajen awa uku ba hutawa ba shan ruwa. Babu takarda a gaban kowa, duk a ka yake, kowa na kallon igiyoyin 'yan'uwansa yana sauraro. Yaron nan da ya ƙosa ɗazu sai ga shi ya karɓi biro yana jera lambobi a bayan takardar shayi, yana neman ya ga ko zai kai 120.

Na tambayi dattijon abin da aka haɗa. Ya ce tagulla ce, jan ƙarfe wajen kashi huɗu, kuza kashi ɗaya. In kuza ta yi yawa ƙarfen zai yi amo amma ya yi saurin fashewa, in ta yi kaɗan zai yi taushi muryar ta dushe. Sannan ya faɗi abin da ake yin mazubin da shi: yumɓu, da yashi, da kashin doki, da gashin akuya. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Gashin da kashin suna riƙe yumɓun kada ya tsage, in zafi ya ci su kuma sai su bar ƙananan kafofi da iska ke fita, don kada ta maƙale a cikin ƙarfen ta bar rami. Mazubi biyu ake yi, na ciki da na waje, a binne su a rami, a kwarara narkakkiyar tagulla a tsakaninsu, a bar ta kwanaki tana hucewa. Sai an fasa ƙasar an rataye ta an buga kafin maƙeri ya san ko wahalarsa ta biya. Na tuna kakana tsugune yana cuɗa yumɓu da kashin jaki da hannunsa, idona ya ciko, na sunkuyar da kai.

A jikin kowace akwai rubutun Latin da aka zuba tare da ita, don mutanen wancan zamanin suna raɗa wa ƙararrawa suna. Biyu na ɗauke da sunan Maryamu, ɗaya Katarina, ɗaya Toma, ɗaya kuma Giles, wadda rubutunta ke cewa sautin Giles yana hawa har ƙololuwar sama. Wannan rubutun kansa ya isa ya jawo musu halaka, in aka dubi abin da ya biyo baya. Sarki Henry na 8 ya raba gari da Paparoma, daga 1536 ya shiga rushe gidajen sufaye, aka sauke ƙararrawarsu aka sayar ko aka narke. A zamanin ɗansa Edward na 6 aka bi coci-coci ana rubuta kayansu don a ƙwace. A Janairun 1644, ana tsakiyar yaƙin basasa, wani mutumin Suffolk mai suna William Dowsing ya zaga cocin Ipswich da izinin majalisa yana farfasa hotuna da gumaka, yana kankare rubutun roƙon waliyyai. Duk wannan guguwar ta wuce ta ƙasa, su suna can sama cikin duhu.

Amma a ganina abin da ya fi cinye tsofaffin ƙararrawa a Ingila ba gaba ba ne, gata ne. Unguwar da ta samu kuɗi sai ta ce biyar sun yi kaɗan, a narke a zuba shida ko takwas. Ga St Mary-le-Tower nan, babbar cocin garin, taku kaɗan daga inda muke zaune, tana da 12. Daga ƙarshen ƙarni na 19 kuma aka gano yadda ake ɗora ƙararrawa a kan injin a kankare cikinta har sautukanta su daidaita, aka bi da yawa aka gyara musu murya. Na St Lawrence ba a narke su ba, ba a kankare su ba, ba su tsage ba, dattijon ya ce har harsunan da ke bugunsu na asali ne. 'Yar ƙaramar unguwa ce da ba wanda ya damu ya yi mata gwaninta, kuma na yi imani wannan ne ya tsirar da su. Kaushin da na ji a muryarsu shi ne yadda suka fito daga rami.

Sun yi shiru sau biyu a ƙarnin da ya wuce. A Yunin 1940, ana Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta hana kaɗa ƙararrawar coci a duk ƙasar, aka ce in an ji ta to sojojin Jamus sun shigo. An ɗaga dokar na yini ɗaya a Nuwamban 1942 don murnar nasarar da aka samu a yaƙin El Alamein a Masar, aka janye ta a 1943. Shiru na biyu ya fi tsawo. A 1985 aka ga hasumiyar ba za ta iya ɗaukar girgizar ba, aka dakatar. Shekara 24 ba a ji su ba. Yaran da aka haifa a garin suka girma har suka yi aure ba su san muryar ba. Mutanen gari ne suka yi karo-karo, aka tara kimanin fam 100,000, aka sauke su aka kai maƙerar Whitechapel a Landan, wadda ta zuba Big Ben, babbar ƙararrawar agogon majalisar ƙasar, ta duba su ta yi musu sababbin maratayai. Aka dawo da su aka rataye a sabon firam na ƙarfe, ƙasa da inda suke a da, a ɓangaren ginin da ya fi ƙwari. A Satumban 2009 suka sake magana. Ita kuwa maƙerar Whitechapel, bayan fiye da shekara 400 tana aiki, ta rufe a 2017. Da dattijon ya faɗi wannan sai ya yi shiru yana juya cokali. Na san irin wannan shirun, na gan shi a fuskar baffana ranar da ya ce ba ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ke son zama a bakin zuga-zugi.

Mutanen garin suna kiransu ƙararrawar Wolsey. Thomas Wolsey ɗan mahauci ne, an haife shi a Ipswich wajejen 1473, ya tashi a unguwar St Nicholas, tafiyar 'yan mintuna daga nan. Karatu ya kai shi Oxford, daga nan ya yi ta hawa har ya zama babban limamin York a 1514, Kadinal, wato ɗaya daga manyan muƙarraban Paparoma, a 1515, kuma wazirin Henry na 8, wanda ba a yanke komai a ƙasar sai da shi. Babu yadda za a yi yaron da ya girma a waɗannan lungunan bai ji su ba. Salon kaɗawar ne kawai ya bambanta, don wancan lissafin na 120 bai zo ba sai bayan mutuwarsa da wajen shekara ɗari. Muryar kuwa ita ce.

Bayan na yi azahar a masallacin Bond Street, muka gangara wajen bakin ruwa don in ga abin da ya rage na Wolsey. A 1528 ya fara gina wata babbar makaranta a garinsu, wadda yake so ta yi gogayya da manyan makarantun ƙasar. Shekara guda bayan haka ya kasa samo wa sarki izinin Paparoma na rabuwa da matarsa Catherine, aka tuɓe shi. A Nuwamban 1530 ya rasu a Leicester, ana kan hanyar kai shi Landan bisa zargin cin amanar ƙasa. Aka rushe makarantar, aka kwashe duwatsun zuwa Landan. Abin da ya rage wata 'yar ƙofa ce ta jan bulo a College Street, kusa da cocin St Peter, ruwan sama ya cinye tambarin da ke samanta, motoci na wucewa dab da ita. Yaron ya leƙa ta bayanta ya ce, "Kawu, ai ba ta shiga ko'ina." Muka ɗan tsaya, iska mai sanyi na tasowa daga kogi, muka juya gida.

Da dare na tura wa baffana abin da na ɗauka a waya, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, ta WhatsApp ɗin jikansa. Shi kaɗai ya rage a maƙerar gidanmu, idonsa ya yi rauni amma kunnen na nan. Ban gaya masa ko mene ne ba, ban faɗi shekarunsu ba. Washegari da safe saƙon murya ya shigo, ana jin kukan kaji a bayansa. Ya ce, "Na saurara sau uku. Guda biyar ne, kuma ba mai tsaga a cikinsu. Wanda ya zuba babbar nan ya san aikinsa. Amma ka yanke ta tun ba ta gama gunji ba. Ka koma ka ɗauko mini har inda ta yi shiru da kanta."

Jirgina na Legas ranar Alhamis ta sama ne. Na ɗaga komawata Landan da kwana biyu, Laraba ta zagayo ta same ni a Dial Lane tun sha biyu ba ta yi ba, a tsaye a gindin bangon dutsen ƙyastu, waya a hannu.